Ƙarfin Naushi da Juriya a Tarihin Damben Turawa

Damben Turawa, wanda a yau ake kallonsa a kowace nahiya, ya samo tsarinsa ne a ƙasar Ingila cikin ƙarni na 18, a lokacin da maza suke karawa da tsurar hannu a filayen kasuwa da harabar mashaya, attajirai kuma suna zuba kuɗin caca a kansu, ba tare da wata ƙa'ida da za ta hana mai ƙarfi hallaka abokin karawarsa ba. Masu tarihi sun ruwaito cewa wani gwani mai suna Jack Broughton ya kara da George Stevenson a 1741, ya yi masa dukan da ya zama ajalinsa, nadamar abin da ya auku kuwa ita ta sa a 1743 ya shimfiɗa dokoki, waɗanda suka haramta dukan wanda ya faɗi, suka kuma ba shi rabin minti ya farfaɗo ya dawo tsakiyar fage. Wannan ita ce al'adar sana'ar tun farkonta: ba a gyara ƙa'ida sai an ɗauki gawa.

A 1867 aka fitar da dokokin da suka shahara da sunan Queensberry, waɗanda suka wajabta sanya safar hannu mai laushi, suka ƙayyade kowane turmi minti 3 da hutun minti 1, suka kuma ce wanda ya faɗi a ƙirga masa goma. Karon ƙarshe da aka yi na neman kambun masu nauyi da tsurar hannu shi ne na John L. Sullivan da Jake Kilrain a jihar Mississippi ta Amurka a 1889, wanda ya kai turmi 75. Bayan shekara uku James Corbett ya kayar da Sullivan a birnin New Orleans, kowannensu sanye da safa. Jama'ar zamanin sun ɗauki wannan sauyi a matsayin rahama da wayewa, domin jini ya ragu, fuska ta daina tsagewa kamar da. Amma abin da ya ɓoyu gare su shi ne, hannun mai duka safar take karewa fiye da kan wanda ake duka. Domin ɗan damben tsurar hannu, da yake ya san ƙoƙon kai ya fi ƙasusuwan yatsunsa ƙwari, yakan yi taka-tsantsan ya nemi haƙarƙari da ciki, alhali mai safa yana iya sauke iyakar ƙarfinsa a kan mutum sau ɗaruruwa a dare guda, hannunsa bai karye ba. Ta haka cutarwar ta tashi daga zahiri ta koma baɗini.

Haka nan ƙirgen goma yana da nasa sharrin. A damben gargajiya na ƙasar Hausa, da zarar an yi kisa, wato ɗan dambe ya kai ƙasa, wasa ya ƙare, sai wata rana. A damben Turawa kuwa, mutumin da hankalinsa ya gushe na ɗan lokaci ana ba shi dama ya miƙe ya karɓi wani dukan a kan raunin da bai ko huce ba. A Yulin 1919, a birnin Toledo, Jack Dempsey ya kayar da Jess Willard sau 7 a turmin farko kaɗai, ko da yake Willard ya fi shi nauyi da kilo fiye da 20, aka kuma bar wasan ya ci gaba har turmi na uku ya cika.

Hikimar halittar ɗan Adam ita ce ta bayyana dalilin wannan illa. Allah Ya ajiye ƙwaƙwalwa cikin ruwa a ƙoƙon kai, tana da taushi, ba ta manne da ƙashi ba. Idan naushi ya sauka a haɓa ko muƙamuƙi, kai yakan juya da sauri, ƙwaƙwalwa ta girgiza ta bugi ƙashi, siraran zaren jijiyoyinta su miƙe, wasu su tsinke. Mai nauyi yana ƙara wa naushinsa ƙarfi da girman jiki da horo, amma babu wani horo da yake ƙara wa ƙwaƙwalwa kauri, saboda haka a ajin masu nauyi ne tazara tsakanin ƙarfin duka da ƙarfin abin da ake duka ta fi faɗi.

Likitan da ya fara rubuta wannan al'amari a ilmance shi ne Harrison Martland, mai binciken gawa a jihar New Jersey, wanda a 1928 ya siffanta tsofaffin 'yan dambe masu tafiya da tangaɗi kamar mashaya, masu rawar hannu da nauyin jiki da ruɗewar tunani, ya kuma lura cewa cutar ta fi kama masu shiga duka ba ja da baya, da waɗanda ake haya domin manya su yi atisaye a kansu. A 1969 likita A. H. Roberts ya duba tsofaffin 'yan damben Birtaniya 224, ya sami alamun lalacewar ƙwaƙwalwa a kashi 17 cikin ɗari, kuma yawan karawa da tsawon shekarun sana'a su ne suka fi nuna wanda zai kamu. A 1973 Corsellis da abokan aikinsa suka binciki ƙwaƙwalwar 'yan dambe 15 bayan mutuwarsu, suka ga tabo da ƙanƙancewa da idanunsu. Hujja ta tabbata ke nan, a daidai lokacin da damben masu nauyi yake kan ganiyarsa.

Babu wanda rayuwarsa ta tattara wannan darasi kamar Muhammad Ali. A ƙuruciyarsa saurin ƙafa da kaucewa su ne garkuwarsa, amma bayan an dakatar da shi fiye da shekara uku saboda ƙin shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, sai ya dawo saurin ya ragu, ya koma dogaro da juriya. A Oktoban 1974, a Kinshasa, ya jingina da igiya ya bar George Foreman, wanda ya ci karawa 40 ba a taɓa cinsa ba, 37 daga ciki da kisa, yana dukansa har ya gaji, sannan ya kayar da shi a turmi na 8. A shekarar da ta biyo baya, a Manila, shi da Joe Frazier suka yi ta dukan juna cikin tsananin zafi har turmi 14, sai mai horar da Frazier, Eddie Futch, ya hana yaronsa fita turmin ƙarshe domin idonsa ya rufe. Likitan Ali, Ferdie Pacheco, ya rabu da shi a 1977 bayan ya yi masa nasiha ya daina bai ji ba. Aka bar Ali ya kara da Larry Holmes a 1980, ya sha duka turmi 10 bai iya ramawa ba. A 1984 aka tabbatar yana da cutar makyarkyata ta Parkinson, kuma ko da yake likitoci sun yi saɓani a kan gwargwadon hannun dambe a cikinta, duniya ta ga yadda mafi fasahar harshe a cikin 'yan wasa ya wayi gari magana tana yi masa wuya, har Allah Ya karɓi ransa a 2016. Jerry Quarry, wanda aka yi ta yabo saboda ba ya faɗuwa, ya mutu a 1999 yana da shekara 53, bayan ya kai matsayin da ba ya iya kula da kansa. Foreman kuwa, wanda galibin karawarsa ba ta daɗewa, ya tsufa da hankalinsa da harshensa.

An yi gyare-gyare, kamar rage karawar kambu daga turmi 15 zuwa 12 bayan mutuwar Duk Koo Kim na Koriya ta Kudu a 1982, da wajabta gwajin likita, da hana wanda aka sumar komawa fage sai ya huta. Amma tushen matsalar yana cikin abin da 'yan kallo suke so, domin su ne suke sayen tikiti don ganin wanda ake duka bai faɗi ba, su kira shi jarumi. Malamanmu sun lissafa hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyayewa, tare da addini da rai da nasaba da dukiya, kuma hani ga dukan fuska sananne ne a cikin sunna. Wanda ya auna wannan tarihi da wannan ma'auni zai gane cewa alƙalin da ya tsayar da wasa da wuri, da mai horarwa irin Eddie Futch wanda ya zaɓi lafiyar yaronsa a kan kambu, su ne suka fi cancantar yabo a wannan sana'a, kuma wajibi ne a kan hukumomin wasanni su ba irinsu cikakken iko, su kuma ɗauki nauyin jinyar waɗanda fage ya riga ya nakasa.