Daren da baƙo ke zama ɗan haya: abin da masu ba da gida a Airbnb ya kamata su sani

A manhajar Airbnb, wadda aka kafa a San Francisco a 2008, duk zaman da ya kai dare 28 ko fiye ana lissafa shi a zaman dogon zango. Masu gidaje na son irin wannan baƙo, domin kuɗi na shigowa duk wata, kuma babu wahalar share ɗaki da sauya zanen gado duk bayan kwana biyu. Wasu kuma doka ce ta tura su: tun watan Satumban 2023 birnin New York ya tsaurara sharuɗɗan bayar da hayar da ba ta kai kwana 30 ba.

Haɗarin yana cikin lissafin kwanakin. A jihohin Amurka da dama, musamman Kalifoniya, wanda ya kwana 30 a gida na iya samun haƙƙin ɗan haya a idon doka, ko da ta manhaja ya shigo. Daga wannan rana mai gida ba shi da ikon sauya makulli, ko yanke wuta da ruwa, ko fitar da kayan mutum waje. Yin haka laifi ne da ke jawo tara. Hanya ɗaya ce ta rage, wato rubutaccen notis, sannan kotu, abin da kan ci watanni da kuɗin lauya. Kamfanin kuwa ba shi da hurumin fitar da kowa daga gida.

A 2014 wata mai gida a Palm Springs ta karɓi baƙon da ya kama gidanta na kwana 44. Ya biya kuɗin kwana 30, daga nan ya daina biya, ya kuma ƙi tashi yana kafa hujja da dokar haya. Abin da ya faru a unguwar Brentwood ta Los Angeles ya fi wannan muni. Wata baƙuwa ta shiga ɗakin baƙi na wani gida a 2021 da yarjejeniyar wata shida, mai gidan ya ƙara mata wa'adi a bayan fagen manhajar, ita kuma ta zauna sama da kwana 500 ba ta biyan ko sisi kafin ta tashi a ƙarshen 2023. Kurakurai biyu suka ɗaure masa hannu: ƙarin wa'adin da ya yi da kansa, wanda ya sa kamfanin ya zame, da kuma rashin izinin hukuma na sanya ɗan haya a ɗakin. Mutumin kirki ya so ya yi, sai kirkin ya zame masa igiya a wuya.

Saboda haka matakin farko shi ne sanin dokar garin da gidan yake, da tabbatar da cewa takardun ginin sun cika. Masu gidaje da yawa na tsayar da zama a ƙasa da kwana 30. Wanda ya zaɓi wuce haka, ya rubuta yarjejeniyar haya ta daban mai ɗauke da ranar fita, da adadin mutanen da za su zauna, da wanda zai biya wuta da ruwa, ya kuma sanar da ita a tallar gidan tun kafin a kama. Ya ɗauki hoton kowane ɗaki ranar shiga. Biya da saƙonni da ƙarin kwanaki duk su tsaya cikin manhajar, komai zaƙin bakin baƙon da ke neman ragi a gefe.

A lura da yadda kuɗin ke zuwa. Wata-wata ake cirar sa daga katin baƙo, don haka katin na iya ƙin biya a wata na biyu alhali mutum ya riga ya baje kayansa. Tsarin kariya na AirCover ya yi alkawarin diyyar ɓarna har dala miliyan 3, amma diyya daban, mayar wa mutum gidansa daban. Inshorar gida ta yau da kullum ma sau da yawa ba ta ɗaukar asarar da ta faru a harkar haya, sai an tambayi kamfanin a rubuce.

Masu ba da gidajen kwana a Abuja da Legas su ma abin ya shafe su. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, alal misali, ta tanadi notis na wata ɗaya ga mai biya wata-wata, sai wani na kwana bakwai, kafin a shigar da ƙara. Cire rufi ko kai 'yan daba, yadda wasu suka saba, na iya mayar da mai gida wanda ake tuhuma.