Daga Kanumfari Zuwa Simintin Gilashi: Tarihin Cikon Haƙori

Idan a ƙauyukan Bichi ko Ɗambatta ka taso, da wuya a ce ba ka taɓa ganin an daka kanumfari an cusa a kogon haƙori ba. Kada ka raina dabarar nan. Man kanumfari yana kashe zogi da gaske, har gobe likitoci na kwaɓa shi da wani farin gari su yi cikon wucin gadi. Sai dai ba ya hana rami ci gaba. Kuma ba tsutsa ba ce ke cin haƙorin: ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsamin da ke narkar da shi.

To da me za a toshe ramin? Tsohuwar amsa ita ce amalgam, cikon nan mai launin toka. Azurfa ce da kuza da tagulla ake kwaɓawa da zaiba, kuma zaibar ta kai kusan rabinsa. Wani littafin magani na ƙasar Sin ya ambaci irinsa tun shekarar 659. Da ya shiga Amurka a 1833 sai rigima ta kaure, har ƙungiyar likitocin haƙori ta can ta sa 'ya'yanta alƙawarin ƙaurace masa a 1845. Ƙungiyar ce ta rushe, amalgam ya zauna, don zinari ya fi ƙarfin talaka. Wajen 1895 G. V. Black ya daidaita haɗinsa.

Amalgam akwai ƙarko da araha, amma fa ba ya manne wa haƙori. Dole likita ya sassaƙa ramin yadda bakinsa zai fi cikinsa ƙunci, cikon ya maƙale. Ka ga a ƙaramin rami, lafiyayyen haƙori ake ci don a zaunar da baƙo, kuma abin da aka sassaƙe ba ya sake tsirowa.

A 1955 Michael Buonocore ya gano cewa idan aka shafa wa haƙori ɗan asid, fuskarsa takan yi kaushin da roba za ta kama. A 1962 Rafael Bowen ya samar da robar da ta dace. Wannan ne asalin kwamfozit, cikon da ke sajewa da launin haƙori. Ba a sassaƙa sosai, amma yana da tsirfa: yawu ya taɓa wurin, aiki ya ɓaci, kuma sai an haska masa shuɗiyar fitila yake daskarewa. Ga tsada.

A ganina, wanda ya fi shafar mutumin karkara shi ne na uku. A 1972 Alan Wilson da Brian Kent suka bayyana gilas ayonoma a Ingila, garin gilashi da ake kwaɓawa kamar siminti. Da kansa yake kama haƙori, yana jure ɗan danshi, yana kuma sakin fulorayid a hankali. A tsakiyar shekarun 1980, a Tanzaniya, likita Jo Frencken ya fara kankare ruɓa da ƙananan kayan hannu ya toshe ramin, ba inji ba lantarki. Daga baya hanyar ta dogara kan wannan siminti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tallata ta a 1994, ta kuma sa simintin a jerin muhimman magunguna a 2021. Rauninsa ɗaya: bai kai sauran ƙarfi ba, babban rami a turmi yakan fasa shi. A ƙaramin rami mai fuska ɗaya kuwa yana daɗewa. Wanda ke Kunchi ko Tsanyawa, wanda zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano zai cinye masa yini guda da kuɗin mota ana tsakiyar damina, shi ya san amfanin cikon da ba ya jiran wuta.

Amalgam dai yana kan hanyar fita, galibi saboda zaibar da ke gurɓata ruwa da ƙasa. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata a 2018, kuma yanzu ana kauce masa ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa. In kana da tsohon amalgam da bai tsage ba, ƙyale shi, lokacin cirewa ne tururin zaiba ya fi tashi. In kuma sabon rami ne ƙarami, tambayi likita ko kwamfozit ko gilas ayonoma zai yi, tun ramin bai kai jijiya ba. Ya kai can, maganar ciko ta wuce, sai wankin jijiya ko cirewa.