Daga Kwabo Mai Huda Zuwa Injin Haƙar Kirifto



A damunar 2024, bayan rasuwar kakarmu a Garki, aka buɗe wani tsohon adudu nata, aka tarar da gwangwanin madara cike da kuɗin da. Akwai kwabo mai huda, akwai anini, akwai sulalla, sai wasu manyan azurfa guda biyu masu hoton wata mata. Ba a kwana uku ba wani ɗan gwangwan ya yi sallama, ya ce zai saya a kilo. Ƙanenmu kuwa tuni ya gama lissafi. "Yaya, a sayar kawai," in ji shi, "in cika in sayi waya mai ƙarfi, so nake in kama mayinin da gaske." Maganar ta tsaya mana a rai: ga yaro zai ba da kuɗin da ya mutu, don ya sayi kayan neman kuɗin da bai taɓa riƙewa a hannu ba. Shi ya sa muka bi sawun abin da ke cikin gwangwanin.

Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Shi kuwa wuri haja ne kafin ya zama kuɗi, domin daga tsibiran Maldibis da ke Tekun Indiya ake kwaso shi a kawo Afirka ta Yamma a sayar. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, kayan ƙato guda. Sai 'yan kasuwar Hambug ta Jamus suka gano wani wuri mai araha a gaɓar Zanzibar, suka riƙa loda shi a jiragen ruwa. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta zube, har ta kai ladan ɗan dako na cinye kaso mai tsoka na abin da ya ɗauko idan tafiyar ta yi nisa. Masu shigo da shi sun ci ribarsu sun tafi. Wanda ya cika tukunya ya binne kuwa, da Turawa suka zo suka koma karɓar haraji da tsabar kuɗinsu, sai ya wayi gari da kayan ado.

Manyan azurfan nan biyu su ne tsofaffi ke kira liyari. Matar da ke jiki Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, kuma shekarar da aka rubuta 1780 ce, shekarar da ta rasu. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, su ɗauka sun tsinci abin da ya haura shekara 240. Ba lallai ba ne. 'Yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da namu yankin sun saba da kamanninta ba sa yarda da wata, don haka aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar ba a sauya ba, a Biyana, daga baya har a Landan da Rum da Faris da Bombai. Nauyinta kusan giram 28, azurfar da ke ciki ta ɗan haura giram 23. Da ta daina zama kuɗi sai ta koma hannun maƙeran farfaru, suna narka ta su yi awarwaro da zobe. Wato ta mutu a kasuwa, amma ƙarfenta bai mutu ba.

Sauran abin da ke gwangwanin na zamanin Ingila ne. A 1907 aka fara buga kwabo da anini domin Nijeriya, da huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci. Aninin farko na sanholo ne, sai a 1908 aka sauya masa ƙarfe. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma. Amma abin da ya cusa waɗannan kuɗaɗe cikin ƙauyukanmu gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya ratsa Ringim ya kai Nguru a 1930, manomi ya kai gyaɗa sikeli a biya shi da sulalla, ya ware na haraji, mata su zura kwabbai a zare su ɓoye.

Bari mu ɗan ratse, tunda mu marubuta ne. Anini goma ne kwabo. Ɗari rabin kwabo ne, ahu kwabo ɗaya da rabi, taro kwabo uku, sisi shida, nai tara, sule goma sha biyu. Sule biyu shi ne fataka ko dala, sule ashirin fam ɗaya. Naira ba ta zo ba sai ranar 1 ga Janairu, 1973, inda fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kobo goma. Mun sha karanta labarin da aka gina a zamanin Sardauna, amma sai ka ji an yanka sadaki da naira. Mai karatun da ya kai shekara sittin da biyar daga nan zai ajiye littafin.

To nawa waɗannan kwabban suke yi yau? Gaskiya mai ɗaci ita ce mafi yawansu ba sa yin wani abin kirki, domin miliyoyi aka buga. Masu tara tsofaffin kuɗi ba tsufa kaɗai suke saya ba. Suna duba shekara, su duba ko rubutun ya goge, su duba ɗan ƙaramin harafin da ke nuna masana'antar da ta buga, H ko KN, duka biyun a Bamingam. Akwai shekarun da aka buga kaɗan, su ne masu tsada. Akwai kuma masu labari, kamar na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarauta kafin shekara ta zagayo. A Ingila ba a fitar da kuɗi da sunansa ga jama'a ba, amma an fitar a nan, saboda kwabo mai huda ba ya buƙatar hoton sarki, suna ya isa. Ko shi ɗin ma yana da yawa a hannun mutane. Kuma duk wanda ya goge kwabo da toka don ya yi ƙyalli, ya rage masa daraja da hannunsa. Jita-jitar da kan taso lokaci zuwa lokaci, cewa wasu baƙi na sayen kwabo mai huda ko tsohon dutsen guga a kan miliyoyi, ba mu taɓa ganin wanda aka biya ba. Mun dai ga waɗanda suka saya da tsada suna jiran baƙin.

Yanzu mu koma ga wayar ƙanenmu, domin labarinta bai yi nisa da na wuri ba. Bitcoin ya fara aiki a Janairun 2009. Haƙarsa gasa ce ta lissafi: kwamfutoci na ta cankar wata lamba, wadda ta riga dacewa ita ke rubuta sabon shafi a kundin ciniki, a ba ta lada. Da farko ladan Bitcoin 50 ne, kuma kwamfutar gida na iya ci. Kusan duk shekara huɗu ladan na raguwa da rabi, a Afrilun 2024 ya koma 3.125. Tun daga 2013 aka fara ƙera injina waɗanda ba su iya komai ba sai wannan lissafi, kamfanin Bitmain na Sin ya yi fice da samfurinsa Antminer. Daga nan sayar da injin ya zama kasuwa mai zaman kanta, kuma kasuwa ce mai saurin kashe haja, domin duk sabon injin da ya fito yana mayar da na bara baya. Da Sin ta haramta haƙa a 2021, an yi ta kwashe injina zuwa Kazakistan da Amurka. Da Ethereum ya daina amfani da haƙa a Satumbar 2022, katunan hoto na kwamfuta da ake haƙarsa da su suka cika kasuwar gwanjo. Irin waɗannan ne wani lokaci ake tallata mana a waya, a ce an samu da araha.

Kafin mutum ya saya, ya yi lissafin wuta. Antminer S19 na jan kusan wat 3,250, dare da rana. A kwana ɗaya yunit 78 ke nan. A Afrilun 2024 an sa kuɗin wutar rukunin farko naira 225 kowane yunit, wato sama da naira 17,500 a kullum, idan ma wutar ta tsaya. Janareta ya fi haka ci. Ga ƙara kamar injin niƙa, ga zafin bazarar Jigawa da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Shi ya sa manyan masu haƙa suka nufi Habasha, inda madatsun ruwa ke ba da wuta mai araha, ba su nufo mu ba. Injin da bai biya kuɗin wutarsa ba kuwa ba shi da azurfar da maƙeri zai narka, ɗan gwangwan ne magajinsa.

Abin da 'yan baiwa ke kira mayinin a waya ba wannan ba ne, kuma ya kamata marubuci ya bambance. Manhajar Pi da ta fito a Maris 2019 ba lissafi take sa wayarka ba, rabo ake ba ka don ka danna kullum ka kuma gayyato wasu. Notcoin ya biya mutane a Mayun 2024, wannan ya kunna wutar, aka ga dattawa da matan aure suna ta dannawa. Ranar 26 ga Satumba, 2024 Hamster Kombat ta fashe, mutane da yawa suka tarar abin da suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Pi ta shiga kasuwa ranar 20 ga Fabrairu, 2025, ta kusa dala uku, daga baya ta faɗo ƙasa da ɗaya. Ba mu ce babu wanda ya samu ba, an samu. Amma waɗanda cinikinsu ya tabbata tun kafin fashewa su ne masu sayar da waya a Farm Centre, da masu fawa banki, da masu data, da mai rumfar caji a bakin kasuwa.

Akwai inda hanyoyin biyu suka haɗu. Daga 2011 zuwa 2013 wani Ba'amurke, Mike Caldwell, ya riƙa ƙera tsabar ƙarfe mai suna Casascius, yana ɓoye mabuɗin Bitcoin a ƙarƙashin wata takarda mai ƙyalli da ya manna a baya. Ya daina bayan hukumar sa ido kan hada-hadar kuɗi ta Amurka ta rubuto masa. Yau masu tara tsofaffin kuɗi na neman su, har wanda aka ɓare aka kwashe abin da ke ciki yana da masu saye. Masu kama da su da ake tallatawa da ruwan zinare da harafin B kuwa ado ne kawai, babu ko anini a cikinsu.

Gwangwanin kakarmu dai bai je sikelin ɗan gwangwan ba. Mun kai liyarin biyu wurin wani maƙerin farfaru a Kasuwar Kurmi. Ya auna su, ya jefa kowace a kan dutse yana sauraron ƙararta, ya ce ɗaya azurfa ce, ɗayar kuwa jabu ce da aka yi wa ruwa, wataƙila tun kafin a haifi mahaifinmu aka cuci wani da ita. Ta gasken aka sayar aka sa kuɗin a rabon gado. A cikin kwabban mun sami uku na 1936, suna nan a zarensu. Ƙanenmu ya sayi wayarsa da kuɗin riɗin da ya noma, har yanzu yana dannawa.