Daga Ƙofar Rini zuwa Cikin Waya: Tarihin Neman Izini

A 1809 Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato ya kewaye ta da ganuwa, garin kuma ya ƙara faɗi bayan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Sifawa a 1815. Da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso a 1824, ya tarar ana rufe ƙofofin birnin kullum da faɗuwar rana. Ƙofar Rini na cikin ƙofofin da mutanen gari ke lissafawa har yau, tare da su Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku da Ƙofar Taramniya, ko da yake yanzu sunan unguwa ne fiye da na mashiga. Ganuwa ta tafi, amma hikimar da ta gina ta tana nan: amana ba ta tabbata sai an san wa zai shiga, da abin da aka yarje masa. Wannan hikima ce ke aiki a cikin wayar da ke aljihun matashin Ƙofar Rini, kuma kuskure ne a ɗauke ta a matsayin cikas.

Tsarin izinin fayil ya samo tushe ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969. A wancan zamani mutane da yawa ne ke tarayya a kwamfuta guda, dole a tsare aikin wani daga hannun wani. Cikin shekarun 1970 tsarin ya zauna da gindinsa: kowane fayil na da mai shi, da rukunin abokan aikinsa, da sauran jama'a, kowanne kuma ana iya ba shi damar karantawa, ko rubutawa, ko kunnawa. Karatu na da lamba 4, rubutu 2, kunnawa 1. Shi ya sa 755 ke nufin mai fayil ya yi komai, saura su karanta su kunna amma ban da sauyawa, 777 kuwa ke nufin kowa ya yi abin da ya ga dama. Linux ta gaji wannan tsari a 1991, Android kuma ta gaje shi daga Linux da fitowar wayarta ta farko a 2008, har ta ƙara nata: kowace manhaja ana ɗaukarta kamar mutum mai zaman kansa, ba ta leƙa kayan 'yar'uwarta.

Masu haɗa manhajojin gwajin ƙarfin waya sun fi kowa cin karo da wannan gado. Mutum zai haɗa gwajinsa a kwamfuta, ya tura wa waya ta adb, manhajar da ke haɗa kwamfuta da waya, ya ce ta kunna, sai ta amsa cewa an hana izini. Dalilan sanannu ne. Wani lokaci fayil ɗin ya rasa damar kunnawa a hanya, saboda ya bi ta filashin da tsarinsa bai san izini irin na Unix ba. Wani lokaci an ajiye shi a ma'ajiyar hotuna da waƙoƙi, inda waya ba ta kunna shiri. Wani lokaci kuma an taɓa haɗa aikin da sudo, fayiloli suka koma mallakin babban mai iko, mai aikin ya kasa taɓa abin da ya yi da hannunsa. Tun Android 5.0 a 2014, tsarin tsaro na SELinux na iya hana abu ko da lambobin izini sun yarda, sannan Android 10 a 2019 ta hana sabbin manhajoji kunna shiri daga wurin da suke iya rubutu.

Wani zai ce ai wayarsa ce, da kuɗinsa ya saya, me zai hana ya yi mata rutin, wato ya karɓi cikakken iko a kanta, ya buga 777 ya huta? Maganar mallaka gaskiya ce, kuma akwai kamfanonin da ke fakewa da tsaro su hana mai gyara taɓa wayar da aka kawo masa. Amma 777 ba mai waya kaɗai take buɗe wa ba, har da duk manhajar da ta shigo da mugun nufi, a wayar da ake tura kuɗi da ita. Ga mai gwaji kuwa hasarar ta ninka, domin sakamakon wayar da aka kwance wa tsaro ba ya nuna halin wadda talaka zai saya a kasuwa. A 2013 an gano wasu wayoyi suna ƙara gudu da zarar sun gane manhajar gwaji ce ke aiki, abin da ya koya wa masu harkar cewa gwaji ba ya da daraja sai an yi shi cikin yanayin kullum.

Wani kuma zai tuna cewa ganuwa ba ta hana sojojin Ingila cin Sakkwato a watan Maris na 1903 ba, kamar yadda izini ba ya hana kutse a yau. Haka ne, sai dai birnin ya yi kusan shekara ɗari yana kwana lafiya a bayan ƙofofinsa kafin ranar. Ana auna tsaro da yawan ɓarnar da ya tare, ba da ranar da aka fi ƙarfinsa ba. Tun 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka tsara ƙa'idar cewa kada a ba kowane shiri iko sama da wanda aikinsa ke bukata. Saboda haka abin da ya kamata malaman kwamfuta da iyayen gidan masu gyaran waya su koya wa yaransu shi ne bincike kafin buɗewa: a duba mai fayil, a mayar da mallaka da chown, a ajiye gwajin a /data/local/tmp, a ba shi 755 da chmod. Wanda ya saba da haka, jama'a za su iya ba shi amanar wayarsu, su kuma yarda da sakamakon gwajinsa.