Tarihin Kalmar "Rerun" da Matsalar Fassara Ta Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraron rediyo da Hausa ya san maganar nan da mai gabatarwa kan yi a ƙarshen shiri, cewa za a maimaita shi gobe da safe domin waɗanda ba su sami saurare ba. Babu wani mai sauraro da wannan magana ke rikitawa. Amma da zarar an ɗora wa mutum aikin fassara ko na rubuta ƙamus, sai ya tarar Ingilishi na da kalmomi biyu a inda Hausa ke da guda, wato "rerun" a bakin Amurkawa da "repeat" a bakin Turawan Ingila. Galibi akan ɗauka bambancin na karin harshe ne kurum, kamar yadda Bakano zai ce "ya zo", Basakkwace ya ce "ya zaka". Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa lamarin ya wuce haka. Kowace daga cikin kalmomin biyu tana ɗauke da tarihin yadda al'ummarta ta ɗauki shirin da aka riga aka watsa: ko dukiya ce da za a adana, ko kuwa sauran tuwon jiya ne.

2.0 Ƙirar Kalmar

Kalmar "rerun" ta ƙunshi ɗafa-goshi "re-", wanda Ingilishi ya gada daga Latin, mai ma'anar sakewa, da kuma saiwar "run". Ma'anar farko ta "run" ita ce gudu, sai dai ba wannan ce ke aiki a nan ba. A bakin 'yan wasan kwaikwayo na Landan, tun kafin a ƙirƙiro silima, "run" na nufin tsawon kwanakin da wasa ya yi ana nuna shi a jere a dandali guda. Masu gidajen silima suka ari kalmar, suna kiran nunin farko a manyan gidaje "first run", na biyu kuwa a ƙananan gidaje masu araha "second run". Ga shi kuma zaren fim ɗin kansa gudana yake yi a cikin majigi, kuma da wannan aikatau ɗin ake bayyana gudun nasa. A shekarun 1930 an riga an fara kiran tsohon fim da aka dawo da shi "rerun". Idan suna ce, akan ƙarfafa gaɓar farko wajen furuci. Idan aikatau ce, sai a ƙarfafa ta biyu.

Abin lura shi ne, ba a yi wa shiri "rerun" sai an adana shi a faifai ko fim ko tef. Ita kuwa "repeat", wadda ta shigo Ingilishi ta hanyar Faransanci, ta fi tsufa kuma ta fi faɗi: mutum na iya yin ta da bakinsa ko da jikinsa ba tare da wata na'ura ba.

3.0 Amurka: Daga Haramci Zuwa Jari

Manyan kamfanonin rediyon Amurka, NBC da aka kafa a 1926 da CBS da ya biyo baya a 1927, sun daɗe suna haramta watsa shirin da aka naɗa. Hujjarsu ta fili ita ce sautin faifai bai kai na kai tsaye kyau ba. Akwai kuma hujjar da ba a cika faɗa ba: ƙarfin kamfanonin ya dogara ne a kan wayoyin da suka haɗa tashoshi daga gabas zuwa yamma, kuma idan kowace tasha za ta iya sayen faifai ta saka lokacin da ta ga dama, to me za ta yi da kamfanin? Sai da jirgin Hindenburg ya ƙone a watan Mayu na 1937 sannan NBC ya sassauta, ya watsa muryar Herbert Morrison da aka naɗa a wurin haɗarin. Ko a nan ma togaciya aka yi, ba a soke dokar ba.

To amma ƙasar na da faɗi. Tsakanin Niyok da Kalifoniya akwai ratar awa 3, saboda haka shirin ƙarfe 8 na dare a gabas zai faɗa ƙarfe 5 na yamma a can, lokacin da mutane ba su koma gida ba. Mafitar da aka samu ita ce 'yan wasa da makaɗa su dawo ɗakin watsa shiri da tsakar dare su sake yin wasan daga farko har ƙarshe. Wannan aiki "repeat" ake kiran sa, kuma daidai ne, domin mutane ne suka sake yin sa, ba wani abu ne aka sake juyawa ba. Mawaƙi Bing Crosby na daga cikin waɗanda suka gaji da takurar shirin kai tsaye. A 1946 ya koma ABC, wanda ya yarda masa ya riƙa naɗar shirinsa a faifai, kuma daga 1947 aka koma naɗa a tef, da fasahar da injiniya Jack Mullin ya zo da ita daga Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Da talabijin ya zo, hanyar adana shirin kai tsaye ita ce a kafa kyamarar fim a gaban allo ta ɗauki abin da ke fitowa. Hoton kan fito dishi-dishi, ba ya da daɗin kallo. A nan ne labarin "I Love Lucy" ya shigo, wanda CBS ya fara nunawa a 1951. Lucille Ball da mijinta Desi Arnaz sun ƙi barin Kalifoniya, shi kuwa kamfanin sigari na Philip Morris da ke ɗaukar nauyin shirin bai yarda a ba mutanen gabas, inda mafi yawan masu kallo suke, hoto marar kyau ba. Aka daidaita a kan a ɗauki shirin da kyamarori 3 a fim irin na silima. Da yake wannan ya fi tsada, ma'auratan suka yarda a rage musu albashi, bisa sharaɗin fina-finan su zama mallakarsu. CBS ya amince cikin sauƙi, domin a tunanin wancan zamani shirin da aka nuna ya riga ya mutu. Da Lucille Ball ta tafi hutun haihuwa a zangon 1952 zuwa 1953, sai aka cike gurbi da tsofaffin kashi, jama'a kuwa suka kalla kamar ba su taɓa gani ba. Ba wannan ne shiri na farko da aka maimaita ba, amma shi ya nuna wa 'yan kasuwa abin da ke ciki. Bayan 'yan shekaru CBS ya sayi fina-finan da ya bayar a banza a kan miliyoyin daloli.

Daga nan kalmar ta zauna da gindinta. Aka tsara shekarar talabijin ta zama mako 39 na sababbin kashi da mako 13 na bazara don maimaici. Na'urar bidiyo ta kamfanin Ampex, wadda CBS ya fara amfani da ita a watan Nuwamba na 1956 don jinkirta labarai saboda mutanen yamma, ta kawar da sauran wahalar. Masu shirya wasanni suka riƙa burin kaiwa kashi 100, domin da wannan adadi ƙaramar tasha za ta iya nuna shiri kwana 5 a mako har mako 20 ba tare da ta koma farko ba. "Star Trek" bai ma kai haka ba. NBC ya dakatar da shi a 1969 yana da kashi 79, amma maimaici a ƙananan tashoshi ya tara masa masoyan da suka sa aka yi fim ɗin silima a 1979.

Inda dukiya ta bayyana kuwa, dole a yi rigimar rabo. Ɗan wasan da a da ake biyan sa don ya dawo da tsakar dare, yanzu hotonsa ke aiki shi yana gida. A 1952 ƙungiyar 'yan wasa ta SAG ta sami yarjejeniyar biyan abin da suke kira "residuals", wanda a ganina za a iya kira ladan maimaici, ko da yake a farko biyan kan tsaya bayan an nuna shiri 'yan lokuta kaɗan. A 1960 ƙungiyar ta yi yajin aiki a ƙarƙashin Ronald Reagan a kan fina-finan silima da ake sayar wa talabijin. Yajin aikin marubuta da 'yan wasa na 2023 ma, babban ɓangarensa a kan wannan lada ne, bayan da kallo ya koma intanet.

4.0 Birtaniya da Tef ɗin da Aka Goge

A Birtaniya kuɗin lasisin da mai talabijin ke biya ne ke riƙe BBC, ba talla ba. Wanda ya biya kuɗi kuwa yakan ji an cuce shi idan aka nuna masa abin da ya riga ya gani, shi ya sa "repeat" ta zama kalmar ƙorafi a wasiƙun jaridu. Har ila yau kalmar ta riƙe tsohuwar ma'anarta na tsawon lokaci. A watan Disamba na 1954 BBC ya nuna wasan "Nineteen Eighty-Four" kai tsaye ranar Lahadi, ranar Alhamis kuma 'yan wasan suka dawo suka sake yin sa. Na ranar Alhamis aka ɗauka a fim, shi ne kuma ya tsira. Ƙungiyar 'yan wasa ta Equity, saboda tsoron kada tef ya ƙwace wa 'ya'yanta aiki, ta sa aka iyakance yawan maimaici da wa'adin da za a yi shi.

Sakamakon haka, da wa'adi ya cika, shirin da aka naɗa ba shi da sauran amfani a idon hukuma, ga tef da tsada, ga ƙarancin wurin ajiya. Zuwan talabijin mai launi a 1967 ya ƙara rage darajar tsofaffin shirye-shirye. Sai aka riƙa goge tef ana naɗar sabon shiri a kai, kuma ba a tsayar da manufar adanawa ba sai 1978. Kafin nan an yi asarar da ba ta misaltuwa, ciki har da kashi masu yawa na "Doctor Who", shirin da shi kansa sai da aka maimaita kashinsa na farko bayan mako guda, domin ya fito ne ranar 23 ga Nuwamba, 1963, washegarin kisan Shugaba Kennedy.

Abin da ya ceto wasu kashin shi ne kwafin fim da BBC ya sayar wa tashoshin ƙasashen waje, waɗanda ke miƙa wa juna daga ƙasa zuwa ƙasa. A watan Oktoba na 2013 aka ba da sanarwar gano kashi 9 da aka fidda rai da su a wata ma'ajiyar gidan talabijin a Jos, daga labarai biyu na 1967 da 1968, "The Enemy of the World" da "The Web of Fear". Wannan ya rage adadin waɗanda suka ɓace daga 106 zuwa 97 a wancan lokaci. Wanda ya gano su sunansa Philip Morris, sunan da ya yi daidai da na kamfanin sigarin da muka ambata, ba tare da wata dangantaka ba. Abin da Landan ta goge don ba ta ga ranarsa ba, wanda aka saya don a nuna wa mutanen Filato, shi ya koma mata bayan shekara 45.

5.0 Yadda Za A Faɗe Ta da Hausa

Aikatau "maimaita", wadda ninki ke bayyane a jikinta, ta fi kusa da "repeat", domin almajiri na maimaita karatu, mai roƙo na maimaita magana. Duk da haka sunan "maimaici" ya riga ya karɓu a gidajen rediyo da ma'anar shirin da aka naɗa aka sake sakawa, kuma ban ga dalilin ƙirƙiro wata sabuwa ba. "Maimaicin shiri" ya wadatar ga "rerun" da "repeat" na yau. Inda mai fassara zai yi hattara shi ne rubutun tarihi: abin da 'yan wasan Niyok ke yi da tsakar dare, da abin da aka yi ranar Alhamis a 1954, "sake gabatarwa" ne. Wanda ya kira shi maimaicin shiri zai sa mai karatu ya zaci akwai tef a zamanin da babu shi. Haka kuma kada a haɗa da shirin da wata tasha ta karɓa daga wata ta watsa, kamar yadda tashoshin FM ke yi da labaran sashen Hausa na BBC. Wannan isarwa ce.

Intanet ta raunana kalmar a wurin haihuwarta. Inda babu jadawali, babu nunin farko da na biyu, kowa na kallo lokacin da ya so. An ruwaito cewa Netflix ya biya kimanin dala miliyan 100 don ya riƙe "Friends" a shekarar 2019 kaɗai, shirin da ya ƙare tun 2004, amma ba a cika jin wanda ke kallonsa a waya yana kiran abin da yake yi "rerun" ba.

A Nijeriya kuwa ta wata ƙofa kalmar ta fi shigowa. Ɗaliban da nake koya wa fassara a nan Kudu, idan aka ce musu "rerun", zaɓe suke fara tunawa, ba talabijin ba. Wannan ma'ana ta fito ne daga tsere da gasa, inda akan soke sakamako a sake karawa, kamar yadda Kotun Ƙolin Kenya ta soke zaɓen shugaban ƙasa na watan Agusta, 2017, aka sake shi a watan Oktoba. A nan ma'anar ta juya baya ga ta talabijin, domin mai kallon maimaici ya san yadda labari zai ƙare, mai sake zaɓe kuwa fatarsa sakamako ya canza. Saboda haka "sake zaɓe" ya kamata a ce, ba "maimaicin zaɓe" ba, kuma a raba shi da "zagaye na biyu", wanda ake yi idan babu ɗan takarar da ya cika sharaɗin nasara, da "zaɓen cike gurbi", wanda ake yi idan kujera ta zama babu kowa a kanta.