Makokin Mai Kada: Mutuwar Steve Irwin da Namun Dajin da Ba Mu Yi wa Kuka Ba

Ranar Litinin, 4 ga Satumba, 2006, Steve Irwin yana iyo a ruwa marar zurfi a Batt Reef, kusa da gaɓar jihar Queensland ta Ostireliya, ana ɗaukar wani shirin talabijin kan halittun teku. Wata kunamar ruwa, kifin nan mai faɗi da ke ɗauke da tsini mai dafi a wutsiya, ta soke shi a ƙirji, tsinin ya kai ga zuciya. Kafin a kai shi tudu rai ya yi halinsa. Yana da shekara 44. Hukumomi sun yi tayin yi masa jana'izar ƙasa, iyalinsa suka ce a bari, domin shi mutum ne kamar kowa. A ranar 20 ga watan aka yi taron tunawa da shi a gidan namun dajinsa, Australia Zoo, inda Firaminista John Howard ya yi jawabi, 'yarsa Bindi mai shekara takwas ta karanta nata ta'aziyyar. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 300 ne suka kalli taron a faɗin duniya.

Me ya sa mutanen da ba su taɓa ganin mutum ido da ido ba, ba su haɗa addini ko harshe da shi ba, za su zubar masa da hawaye? Kuma ina ruwan mutumin Kazaure ko Roni da wannan makoki? Matsayin wannan maƙala shi ne jimami awon sabo ne. Al'umma ba ta kukan abin da ba a taɓa nuna mata darajarsa ba. Irwin ya shafe rayuwarsa yana sa mutane su saba da dabbobin da suka ƙi jini, shi ya sa da ya mutu suka ji kamar an yanke musu hanyar da suke bi su gaisa da daji. Mu kuwa a arewa maso yammacin Jigawa mun yi rashi wanda ya fi nasu girma, amma babu wanda ya shimfiɗa tabarma, saboda babu wanda ya taɓa tsayawa gabanmu ya yabi abin da muka rasa.

Sai an fahimci aikin mutumin kafin a fahimci kukan. An haife shi a 1962, iyayensa suka buɗe ƙaramin gidan dabbobi masu jan ciki a Beerwah a 1970. A shekarun 1980 ya yi aikin kama kadojin da suka matso kusa da mutane, yana mayar da su wani wuri maimakon a harbe su. Kadan bakin teku na Ostireliya shi ne mafi girma a duniya, yakan kai mita shida, kuma farautar fatarsa ta kusa ƙarar da shi kafin Queensland ta hana kashe shi a 1974. Doka ta hana harbi, amma ba ta cire ƙiyayya daga zukata ba. Wannan ne giɓin da Irwin ya shiga. Shirinsa, The Crocodile Hunter, ya fara fita a 1996, ya kai ƙasashe fiye da ɗari. Wanda ya taɓa kallonsa ba zai manta tsarin ba: ga shi cikin gajeren wando da riga ruwan ƙasa, ya yi rub da ciki a gaban maciji mai dafi, ya rage murya kamar mai tsoron tada jariri, yana nuna wa mai kallo kyan fatar, da yadda harshen ke leƙowa, da dalilin da ya sa macijin ya fasa kai. Duk maganarsa yabon dabbar ce. Ko da kada ya kawo masa cafka ya kauce da ƙyar, abin da zai fara faɗa shi ne a dubi ƙarfin wannan halitta, kuma ita ce mai gaskiya tunda shi ya shigo mata gida.

Ba kowa ya yarda da salonsa ba, kuma masu sukar suna da hujja. Marubuciya Germaine Greer, kwana ɗaya bayan mutuwarsa, ta rubuta a jaridar Guardian cewa ya saba takura wa dabbobi don nishaɗin masu kallo. A Janairun 2004 ya riƙe ɗansa Robert, jariri ɗan wata guda, a hannu ɗaya yana ciyar da kada da ɗaya hannun, abin da ya jawo masa tofin Allah-tsine, kuma ya cancanta. Mafi muni, cikin makonnin da suka biyo bayan rasuwarsa an tsinci gawarwakin kunamun ruwa aƙalla goma a gaɓar Queensland, wasu an datse musu wutsiya, ana zaton ramuwar gayya ce. Ƙungiyar da ya kafa, Wildlife Warriors, ta fito ta yi tir da hakan. Wannan ya nuna iyakar darasinsa: wasu sun ƙaunaci malamin ba su ɗauki karatun ba. Duk da haka ina ganin hukuncin Greer ya yi tsauri. Mutumin da ya sa yaro ya daina ɗaukar dutse idan ya ga ƙadangare ya yi aikin da littattafai da yawa ba su yi ba.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu, domin mu ma muna da masu kama dabbar da kowa ke gudu. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san gardi. Ranar kasuwa za ka ji ganga, ka ga an yi da'ira, ga kura da takunkumi an ɗaure ta da sarƙa, ga gardi da warki da layu da ƙararrawa a ƙugu, wani na gefe ya rataya mesa a wuya, wani yana jan biri. Ya buɗe bakin kurar ya cusa hannu, jama'a su ja da baya, makaɗi ya ƙara wuta, sannan a fito da ƙullin magani a fara ciniki. Ta fuskar jarumta da sanin halin dabba, gardi bai gaza Irwin da komai ba. Wataƙila ma ya fi shi, tunda ba shi da asibiti a bayansa. Bambancin yana wajen da kirari ke sauka. A filin gardi, kirarin na mutum ne da asirinsa, dabbar kuwa shaida ce kawai cewa maganin yana ci. Bahaushe da kansa ya gano wannan rashin adalci tun da daɗewa, ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yaron da ya bar wannan fili ya tafi da sha'awar zama gardi, bai tafi da tausayin kura ba, bai kuma ji cewa ita ce ke share mushe a bayan gari ba. Ban faɗi haka don ƙasƙantar da sana'ar ba. Gadon gidaje ce, kuma a cikinta akwai ilimin da ba a rubuta ba. Abin da nake cewa shi ne mun mallaki dandalin, mun mallaki gwanayen, amma mun juya yabon ta gefen da ba ya ceton dabba.

Wani zai ce wannan magana ce ta ƙoshi, talakan Gwiwa da ke neman abin sa wa a baka ba shi da lokacin son namun daji. Amsar tana kan bishiyoyin ƙauyukanmu. Shamuwa takan taso daga kudancin Afirka ta iso gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, inda hannun kowane yaro zai kai. Ba mai taɓa ta. Babu ɗan sanda a gindin bishiyar, babu dokar da aka manna. Labari ne kawai ke tsaron ta: ita ce mai albishir da ruwa, kuma manya sun faɗa wa yara haka tun suna goye. Talaucin da ake magana bai hana wannan kariya aiki ba. To a kwatanta da ungulu. Dattawa sun san lokacin da ba a feɗe saniya a mahauta sai ungulaye sun yi layi a kan katanga suna jira. Yau sai mutum ya zaga kasuwanni da yawa bai ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya irin ungulun da muka sani a jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa, kuma cikin manyan dalilan a Afirka ta Yamma akwai cinikin kai da ƙafafunta don tsibbu, da gubar da ake zuba wa mushe. Ungulu ta fi shamuwa yi mana aiki, domin tana cinye ruɓaɓɓen nama kafin ya zama cuta. Amma labarin da muka ba ta na ƙazanta ne da kwaɗayi, saboda haka ta ɓace a idonmu ba wanda ya ce ina ta shiga. Haka barewa da gada suka janye daga dajin da ya zama gonaki, haka kukan kura ya ɗauke daga duwatsun da a da ake jin tsoron ratsawa da dare.

Idan ana neman wanda ya fi kama da Irwin a kusa da mu, sai a haye iyaka. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, mafi yawan ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke. A 1996 guda 49 kacal suka rage a duniya. Da haɗin kan manoma da masu yi wa baƙi jagora suka haura 600. Ranar 9 ga Agusta, 2020, 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin: Faransawa shida ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, da direbansu, da Kadri Abdou, shugaban ƙungiyar masu jagorar kallon raƙuman dawa. Mutuwa ce ta farat ɗaya, a bakin aiki, kamar ta Irwin. Amma a yawancin labaran da suka zaga duniya sunansa a ƙarshe yake zuwa, in ma ya zo. Wannan yana min ciwo, domin aikin irin su ne ya sa a 2018 aka iya ɗaukar raƙuman dawa takwas daga yankin Kure aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda suka shafe kusan shekara hamsin babu su. Dabba ta dawo ƙasar da ake jin Hausa, a zamaninmu, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka ji labari. Abin da Kadri Abdou ya rasa shi ne kyamarar da za ta shigar da shi ɗakunan mutane kafin ajali ya zo.

Akwai kuma tambayar abin da makoki ke haifarwa bayan an naɗe tabarmi. Na Irwin ya bar ƙasa: a 2007 gwamnatin Ostireliya ta ba da kuɗi aka sayi fili mai faɗin kimanin hekta 135,000 a Cape York aka sa masa sunansa, matarsa Terri ta yi shekaru tana kare shi daga masu neman haƙar ma'adinai. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun san sadaka mai gudana, kuma hadisi ingantacce ya nuna cewa wanda ya dasa itace, tsuntsu ko dabba ko mutum ya ci daga gare shi, an rubuta masa lada. Manoman Maraɗi da Damagaram, maƙwabtanmu ta arewa, sun nuna yadda hakan ke yiwuwa ba da kuɗin gwamnati ba: tun daga shekarun 1980 suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonaki lokacin sassabe, har aka ƙiyasta hekta miliyan biyar sun sake yin kore. Inda itace ya dawo, tsuntsu yana biyo baya.

Abin da ya fi gaggawa a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura shi ne tsofaffin mafarauta. Su ne suka san inda damo ke shiga idan sanyi ya kama, suka san sawun dila daga na kare, suka san shekarar da suka yi wa barewa ganin ƙarshe da kuma kwarin da suka gan ta. Da yawansu su da kansu za su gaya maka farautar gayya da ƙona daji sun cinye abin da suka gada. Irin waɗannan mutane ake buƙata a gaban kyamara da makirfo, da Hausarsu, a tashoshin da ake kallo da saurare a gidajenmu, a tambaye su halin dabba maimakon a tambaye su asirin bindiga. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure suna riƙe da wayoyin da suka fi kyamarar da Irwin ya fara aiki da ita, kuma daga harabar makarantar zuwa ƙauyukan da waɗannan dattawa suke tafiyar babur ce.