Nau'o'in Zaɓin Yanayi da Tasirinsu ga Sauyawar Halittu

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci nau'o'i huɗu na zaɓin yanayi ta hanyar kwatanta binciken da masana suka gudanar a Ingila da Kamaru da Gabashin Afirka. Ta gano cewa amfanin kowace siffa ya dogara ne ga muhallin da mai ita yake rayuwa.

1.0 Gabatarwa

A 1859 Charles Darwin ya bayyana cewa 'ya'yan jinsi ɗaya sukan bambanta, kuma waɗanda siffarsu ta dace da muhalli sun fi rayuwa su hayayyafa. Tankaɗe da rairaya ne da yanayi ke yi, sai dai rariyar ba iri ɗaya ba ce.

2.0 Nau'o'in Zaɓi

2.1 Mai karkata gefe ɗaya. A 1848 aka fara ganin baƙin nau'in wani malam-buɗe-littafin dare a Mancesta. Hayaƙin kwal ya baƙanta itatuwa, tsuntsaye suka riƙa tsince masu haske. Zuwa 1895 baƙaƙen sun kai kusan kashi 98 cikin 100. Bayan dokar tsaftace iska ta 1956 suka fara raguwa.

2.2 Mai riƙe tsakiya. Karn da Penrose sun nuna a 1951 cewa a Landan jarirai masu matsakaicin nauyi sun fi ƙanana ƙwarai da manya ƙwarai tsira.

2.3 Mai raba biyu. Thomas Smith ya nazarci tsuntsun Pyrenestes ostrinus a Kamaru. Masu babban baki suna fasa iri mai tauri, masu ƙarami suna cin mai taushi, na tsakiya kuwa ba ga tsuntsu ba ga tarko.

2.4 Mai daidaita ma'auni. Nan ne batun ya shigo gidajenmu. A 1954 Anthony Allison ya gano a Gabashin Afirka cewa masu rukunin jini AS suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Zazzaɓin ya fi kashe yaran AA, amosanin jini yana galabaitar da masu SS, AS kuwa ya fi tsira daga duka biyun. Shi ya sa ƙwayar gadon sikila ba ta ɓace ba duk da illarta; a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ita. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS.

3.0 Kammalawa

Misalan huɗu sun nuna cewa zaɓin yanayi ba ya nufin kammala halitta, dacewa da wuri da lokaci kawai yake aunawa. Ƙwayar da ta ceci kakanninmu daga sauro ita ce ke kwantar da yara a asibiti yau. Maƙalar ta ba da shawarar a haɗa yaƙi da sauro da gwajin jini kafin aure, domin tushen matsalolin biyu ɗaya ne.